Hanyar Ciyawa Zuwa Tungar Su Inna

Tun da na yi wayo Inna take sayar da gyaɗa da yaji da kuka a bakin titi a unguwar Karantina ta Jidda, kuma ban taɓa ganin ta baje kayanta a kan tebur ba. A kan zane take bajewa, wani tsohon zane mai kauri, ta ƙulle kusurwa biyu tun da safe, ta bar sauran biyun kusa da hannunta. Da wata ta ce dauriya, wato motar sintiri ta shigo layi, sai ta ja kusurwoyin nan, kaya ya zama ƙunshi, ta saɓa ta shige lungu. Ba ta ihu, ba ta kiran sunan kowa. Mu ma haka ta koya mana, in tsoro ya zo a rufe baki, a lafe, a bar shi ya wuce. Na sha mari a hannunta saboda tari kawai.

Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ta zo aikin hajji da mahaifinmu tana amarya, suka zauna, shi ya rasu, ita ta ci gaba da zama. Ni a Jidda aka haife ni, daga baya na samu iƙama ta hannun kafilin mijina, wato ubangidan da ya tsaya masa, amma tsoron nan nata a nono na sha shi. Har yau in na ga mai kaki, ko da mai gadin kanti ne, sai in ji hannuna ya kai kan jakar takarduna da kansa.

Da aka rushe Karantina muka ɗauko ta zuwa gidanmu a Mada'in Fahad, hawa na uku. A nan ne kanta ya fara kwancewa. Matar da ta saba da ƙofa a buɗe da maƙwabta a tsakar gida, sai ga ta a ɗaki mai taga ɗaya tana kallon rufin motoci. Ta fara mantuwa, ta fara kirana da sunan yayata da ta rasu, sannan ta fara fita neman layinmu na dā. Wata rana da hantsi ina wanki ta sulale. A bakin babban titi ta hangi motar sintiri a tsaye, mutanen ciki shayi kawai suka tsaya saya, ko kallonta ba su yi ba. Ta ranta a na kare, ta tsallaka titin nan a guje, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Wani direban babbar mota ya taka birki har taya ta yi hayaƙi. Shi ya riƙo hannunta ya kawo mini ita.

Daga ranar ba ta ƙara zancen Karantina ba, sai zancen ruwa. Ta ce a kai ta gida. Gidan da take nufi wata tunga ce ta masunta a kan tsibiri cikin kogin Kwara, can ƙasa da Gaya wajen iyaka. Ƙanenta yana can, Kawu, wanda muryarsa kawai na sani a waya. Da na gaya masa abin da ya faru a titi, sai ya ce, "Ki kawo mini yayata tun tana iya gane ni." Mijina ya yi ta zirga-zirga har aka samo mata takardar fita. Ni kuma na ɗaura wa kaina abu ɗaya, in kai matar nan tungarsu da ranta, inda babu motar da za ta sake korar ta a kan titi.

Ban iya ruwa ba. Duk girman bahar ɗin Jidda daga kan dakali nake kallonsa, da takalmina a ƙafa. Don haka na je wurin wani tsoho mutumin Chadi, mai shayi, maƙwabcinmu tun Karantina, wanda ya yi tuƙi a kogin Shari da ƙuruciyarsa. Ya ce in zauna a ƙasan jirgi, ban da kan katako, kuma komai ya faru kada in kama gefe, kada in miƙe tsaye. Ya ce tunda ba na iyo, in samu jarka wadda babu komai a ciki, in murɗe murfin da kyau in ɗaura a ƙugu. Ya ba ni labarin yadda suka taɓa yin kwanaki suna gangarowa da buhunan bandar kifi, iska ta taso musu a inda kogin ya buɗe, suka zubar da rabin kayan kafin su kai gaɓa. Yana faɗa yana dariya.

Matan da suka zo sallama kuma, ba wadda ta yi maganar iska ko zurfi. Duk bakinsu ɗaya, wai yanzu akwai sojoji a kan ruwa wajen iyaka, in yi duk yadda zan yi kada su tare mu. Yawancinsu rabonsu da gida tun ina goye, amma kowacce ta faɗa kamar jiya ta dawo. Na kuwa ɗauka, don maganar ta zauna daidai da abin da yake raina.

A ƙarshen damina muka sauka Gaya. Ruwa ya cinye hanyar mota da ke kaiwa gaɓar da ke kallon tungar, don haka Kawu ya zo da kwalekwale, shi da matarsa. Dogon mutum ne siriri, fuskarsa sak ta Inna. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta kira shi da wani sunan tsokana na yarinta, ya durƙusa a cikin laka yana kuka. Matarsa gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta ta fi jikinta, ita ce mai zama a goshin jirgi, shi yana baya. Da na leƙa kwalekwalen sai na ga ruwa kwance a ciki, na tambaya ko yoyo yake yi. Ta ce duk jirgi yana yoyo, shi ya sa aka yi ƙoƙo. Ta miƙo mini wata yankakkiyar jarka ta ce ga aikina.

Kogin kuwa ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ja ne kamar kunun kanwa, yana gudu ba ƙara, yana ɗauke da rassan itace da tarin kainuwa. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar da ido, sai wani siririn layin kore na gani can nesa.

A bakin ruwan Kawu ya ce hanya biyu ce. Akwai babban kogi, ruwa yana tura ku, tafiyar ba ta da tsawo, sai dai jiragen inji suna wucewa, kuma jandarma, masu kakin ƙasar, suna sintiri, sukan tsayar da mutane su yi tambaya. Akwai kuma hanyar ciki, ta cikin fadamar da ruwa ya malale, ana bin ƙananan hanyoyi tsakanin ciyawa, ana kwana a tungaye. Ta fi nisa sosai, inji ba ya shiga don ciyawa tana naɗe masa farfela. Ya ce amma bana akwai dorina a ciki, an ce ma da ɗa.

Ban bari ya rufe baki ba na ce ta ciki za mu bi. Ya dube ni kamar na yi masa Larabci.

"'Yata, jandarma mutum ne, ana gaishe shi ya amsa. Takardunku ma lafiya suke."

Na ce masa bai ga abin da na gani ba. Shi bai ga yayarsa tana keta titi a gaban babbar mota ba. In ta ga kaki a tsakiyar wancan ruwan, ina za ta gudu in ba cikinsa ba? Matarsa ta sa baki, na ce halas, magana ta ƙare. Ina da taurin kai, kowa ya sani, kuma har gobe in aka mayar da ni bakin ruwan nan da abin da na sani a ranar, hanyar ciki zan sake zaɓa. Dorina a hoto kawai na santa. Kaki kuwa tare muka girma.

Muka shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakiya, na zauna a bayanta da jarkata a ƙugu, ita ma na ɗaura mata ɗaya. Da muka bar babban ruwa muka shiga ciyawa, sai duniya ta rufe. Ciyawar kacalla ta fi tsayin mutum hagu da dama, wani wurin har tana gogar kafaɗa, sama kawai ake gani, ita ma siririya. Iska ba ta shigowa. Zafin Jidda na san shi, amma wannan zafi ne mai wari, warin ruɓaɓɓen ganye, ga sauro da rana tsaka. In ruwa ya yi zurfi su yi tuƙi da filafili, in ya yi ƙasa Kawu ya miƙe ya riƙa tokarawa da gwangwala. Duk sanda ya miƙe jirgin sai ya karkata. Hannuna ya yi ta kai wa gefen jirgi, ina tuna maganar tsohon Chadi ina janyewa.

Abin da ya fi damuna shi ne matar Kawu. In ta yi tuƙi kaɗan sai ta buga filafili a jikin jirgi, ƙwas, ƙwas, kuma bakinta ba ya hutawa. In ba ta zagin mijinta a kan ya karkace, tana ba da labari da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Na ji yadda suka taɓa haurawa wajen Yamai da kayan tukwane, suna jan jirgi da igiya daga gaɓa a inda ruwa ya fi ƙarfinsu, har tafin hannunta ya sale. Na ji yadda suka gangara Yawuri, inda ta ce ruwan ya fi na nan faɗi, da duwatsu a ɓoye, kuma a nan ta ga jirgin wasu 'yan kasuwa ya rabe biyu a gabanta. Ta ce kowace hanya da abin da take kashe mutum da shi, ta sama gajiya, ta ƙasa dutse, ta cikin nan kuma ka san mai ita. Kaina ya ɗauki ciwo, na ce don Allah ta rage bugun nan.

Ta juyo ta ce mini bugun nan shi ne ranmu. Dorina a ƙarƙashin ruwa take kwanciya. In ta ji ƙara daga nesa sai ta ɗago kai ta duba, ku ganta, ku kauce mata, kowa ya kama gabansa. In kuwa kuka zo shiru kuka hau kanta ba ta sani ba, firgita take yi, kuma firgitar mai ɗa ba ta da kyau. Ta ce a cikin ciyawar nan mai tsoro shi ne mai surutu. Ni duk rayuwata akasin haka aka koya mini.

Inna kuwa sai ta farfaɗo. Wallahi kamar an zuba wa shuka ruwa. Matar da ba ta iya tuna ko ta ci abinci, sai ga ta tana kiran sunan kowane tsuntsu, tana nuna inda tarwaɗa take kwanciya, tana ce wa Kawu har yanzu bai iya riƙe gwangwala ba. Ta karɓe yankakkiyar jarkar daga hannuna, wai ina kwasar ruwa kamar mai tsoron ya ƙare. Ta tsinko bado ta ɓare ta ba ni in ci. A tungayen da muka sauka mata suka yi ta zuwa ganin Hajiyar Makka, ana kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, tana tambayar mutanen da suka daɗe a ƙasa, ana ce mata sun yi tafiya. Na fara jin daɗi, har na ce wa Kawu ka gani ko. Shi kuwa idonsa yana kan ruwa.

A tunga ta ƙarshe kafin tasu, masunta suka gaya wa Kawu cewa mai ɗan tana wani tafki da ke gaba, inda hanyar ta buɗe, kuma babu ta kewayewa. Suka ce mu bi ta gefen gabas, mu yi ta bugu tun daga nesa. A wajen nan hanyar ciki ta matso kusa da babban kogi, ciyawa ce kawai ta raba su.

Da hantsi muka doshi tafkin. Matar Kawu tana bugu ba ƙaƙƙautawa, ta bar labari ta koma kirari, tana kiran dabbar da uwar ruwa, tana ce mata baƙi ne za su wuce. Ina karanta duk addu'ar da ta zo mini, ina farawa ina rasa ƙarshen. Sai muka ji inji. Daga bayan ciyawa yake tahowa, ta babban kogi, a hankali, da muryoyin maza, da wata 'yar ƙara irin ta rediyon da masu kaki suke magana da shi.

Ina kallon bayan Inna na ga ya sandare. Kafin in yi motsi ta rarrafa gaba, ta cafke filafilin matar Kawu da hannu biyu, ta ce da raɗa, "Dauriya. Ku yi shiru." Matar Kawu ta ja, Inna ta riƙe. Ban san inda tsohuwar nan ta samo ƙarfi ba. Matar ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta saki hannu ɗaya ta toshe mata baki. Jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo ta gefe, Kawu ya tsuguna don ya daidaita shi, ya kasa tuƙi, ya kasa bugu. Ni da ya kamata in ɗauki ko ƙoƙo ne in buga, sai na samu kaina na sunkuyar da kai na rufe baki, daidai yadda aka koya mini. Ruwa ya ɗauke mu a hankali ya fitar da mu daga ciyawa, ya kai mu tsakiyar tafkin, shiru kamar masu rakiyar gawa.

Ɗan na fara gani, wani abu mai sheƙi kamar tulu a kife, da ƙananan kunnuwa. Har na ji wani sanyi a raina don ƙanƙantarsa. Sai ruwan da ke gefenmu ya kumbura, uwar ta fito. Kanta kaɗai ya kai rabin jirginmu. Ta yi wani huci, ruwa mai ɗumi da wari ya watso mini a fuska, ta buɗe baki na ga cikinsa ja, da haƙora kamar taɓare. Ta nutse, sai muka ji duka daga ƙasa. Jirgin ya ɗaga ya faɗo, katako ya yi ƙara, filafilin da ake ja-in-ja a kansa ya tafi, ruwa ya fara shigowa ta wata tsaga kusa da ƙafata.

Kawu yana ihu yana tokara gwangwala, matarsa tana dukan jirgi da tafin hannu tana kururuwa. Ita kuwa Inna ko kallon dabbar ba ta yi ba. Kunnenta yana wajen injin. Ta tattara kusurwoyin zanen da ta lulluɓa da shi, ta ƙulle, ta saɓa a kafaɗa, ta yunƙura za ta miƙe. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a gefen jirgi. Lungu take nema, kuma lungun da ta gani shi ne ciyawar da ke ƙetaren ruwan da dorinar take ciki.

Na faɗa kanta. Na kama ta ta baya na kayar da ita a ƙasan jirgi cikin ruwan nan, na danne ta da duk nauyina, na murɗe mata hannu a baya don ta daina fizga. Uwata, wadda ko muryata ban taɓa ɗagawa a kanta ba. Ta cije ni a dantse har jini ya fito, ban sake ta ba. Da ta ga ba za ta kuɓuce ba sai jikinta ya saki, ta juyo da fuska ta dube ni, ta fara roƙona da Larabcinta na bakin titi.

"Allah yakhallik ya askari, ana miskina."

Soja ta ɗauke ni, wai in bar ta don Allah, ita talaka ce. Ta ce tana da yara ƙanana a gida, ba wanda zai ba su abinci. Na ce Inna ni ce, ni ce 'yarki. Ta ci gaba da roƙo. Na ji tsoro a ranar iri-iri, amma wannan ya fi na dabbar, kuma duk da haka ban ɗaga ta ba, don ina jin ruwa yana motsi a ƙarƙashinmu.

Dorinar ta sake ɗagowa a bayanmu, ta biyo mu kaɗan, sannan ta koma wajen ɗanta. Kawu ya cusa jirgin cikin kacalla da ƙarfin da ya rage masa, ya yi ta turawa har muka ɓulla ta ɗaya gefen. Sai ga mu a babban kogin da na ƙi, ruwa ya kai mana idon sawu, filafili ɗaya, matar Kawu tana kwasa da jarka tana kuka tana zagi. Ihunmu ne ya juyo da jirgin jandarman.

Samari ne, wasunsu ko gemu bai fito musu ba. Suka jefo igiya, suka ja mu zuwa wani tudun yashi. Babbansu ya sauko cikin ruwa da takalminsa, ya cire hula ya ce sannu Hajiya, sannu da hanya. Na ɗaga Inna zaune. Ta dube shi, ta dubi kakin, sai ta haɗa hannayenta biyu ta miƙa masa don ya ɗaure. Yaron ya rasa yadda zai yi, ya kama hannayen ya riƙe kamar mai gaisuwa, yana tambayar Kawu ko ba ta da lafiya ne. Ni kuma ina ta laluben jaka da hannu mai jini ina fito da takardu a jiƙe, ba wanda ya tambaye ni su. Suka toshe tsagar da tsumma da leda, suka ɗaura jirginmu a nasu, suka kai mu har bakin tungar. Duk tsawon hanyar Inna tana zaune a miƙe, idonta a ƙasa.

Na kai ta da ranta. Mutanen tunga suka fito har cikin ruwa, aka ɗauke ta cak, tsofaffin mata suna guɗa suna kuka. Kafin azahar ta ware, ta zauna a gindin wata bishiya ana ta zagaye ta, tana faɗa wa jikokin Kawu yadda ake fere ƙoƙo. Na yi wanka na sauya kaya, na ɗebo mata fura na nufe ta. Sai ta hango ni. Ta ja jiki ta koma bayan Kawu, ta riƙe rigarsa, ta tambaye shi a hankali ko matar nan ba ta tafi ba.

Na ɗauka na yini ɗaya ne. Na yi makonni a tungar, ba ta canza ba. Ta gane Kawu, ta gane matarsa, har ta nemi gafararta a kan filafilin, ta gane mutanen da rabonta da su tun tana budurwa. Ni kaɗai ce in na shigo tsakar gida sai ta ajiye abin da take ci. Na gwada yi mata Hausa, na gwada Larabci, na kira mata sunayen 'yan'uwana, na nuna mata tabon ƙunar da na yi a murhunta ina yarinya. Ta duba da ladabi, irin ladabin da take yi wa hukuma, ta ce Allah ya ƙara girma. Matar Kawu ta zo ta zauna kusa da ni a bakin ruwa. Daga baya ta ce in yi haƙuri in riƙa tsayawa daga nesa, don in ina kusa tsohuwar ba ta cin abinci.

Ranar da zan tafi ta babban kogi muka bi, a jirgin inji, ban ko ɗaura jarka ba. Ban yi mata sallama ba. Na tsaya a bayan wani rumbu ina leƙenta tana gyaran kifi, hannunta yana aiki da sauri kamar na yarinya, tana dariya da wata tsohuwa. Ban taɓa ganin ta zauna ta ba hanya baya ba sai a ranar.

Yanzu ina Mada'in Fahad, ita tana can. Kawu ya ce ta yi ƙiba, tana kwana da ƙofa a buɗe, jirgin jandarma ma in ya wuce takan ɗaga kai ne kawai ta ci gaba da abin da take yi. Da farko in na kira yakan kara mata wayar a kunne, amma da ta ji muryata sai ta ƙi cin abincin ranar. Don haka muka sake dabara. In na kira ba ya cewa komai, sai ya ajiye wayar a kan tabarma kusa da ita ya tafi. Ni kuma in shiga ɗaki in rufe ƙofa don kada yara su yi magana, in zauna a bakin gado in saurara. Jiya faɗa take yi da matar Kawu a kan ta cika gishiri a miya, ta daɗe tana yi, na ji har ƙarshe.